Tsohon gadon Inna da auren ƙanwata

 Masu saurare a kan babur ku rage gudu. Waɗanda data ta yi wa halinta suka dawo karanta rubutun, ku ma sannunku.

Yau ba maganar zaɓe zan yi ba, ba kuma ta taki ba. Maganar gado da sif zan yi. Na san wani zai ce, kai da ka saba ɗaga murya a kan hanya da asibiti, me ya haɗa ka da aikin kafinta? To a yi haƙuri a ji. Na daɗe ina yawo tsakanin Makarfi da Ikara da Kudan ina zama da matasa, kuma a iya ganina, in ka cire ciwo, babu abin da ke jefa gidajenmu cikin bashi kamar kayan ɗaki. Da a baki kawai nake faɗa. Ban san nauyinsa ba sai da ya shigo gidanmu.

A ƙarshen 2024 aka sa ranar auren ƙanwata, wadda take bi na. Mijin ɗan Ikara ne, aka ce biki kafin azumi, wato cikin Fabrairun 2025. Kun dai tuna yadda lokacin yake. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi bai sauko ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000, mu nan Kaduna aka ce 72,000. Babana kuwa ko wannan ba ya ɗauka. Manomin rake ne, kamar rabin iyayen masu saurarena na Makarfi.

Na raka Inna Zariya taya kaya. Muka shiga wani shago, fitilu ko'ina, gado fari fat yana ƙyalli kamar a lasa. Gado, sif, madubi da kujeru, kuɗin da yaron shagon ya faɗa ya fi albashin shekara guda cur na mai ɗaukar 72,000 ɗin nan. Inna ba ta ce komai ba. Ta gyara mayafinta ta ce mu je, za mu yi shawara. Har muka sauka Tashar Yari ba ta sake magana ba.

Daren nan bayan isha'i Baba ya kira ni zaure ya ce ya yanke shawara, zai jinginar da fadama. Ga waɗanda suka tashi a birni, jingina ita ce ka karɓi kuɗin mutum ka ba shi gonarka ya riƙa nomawa yana cin amfanin, har ranar da ka dawo masa da kuɗinsa. To ka gaya mini, wanda ya ba da gonar da yake samun kuɗi da ita, da me zai tara na fansa? Na san gonaki a yankinmu da aka jinginar tun ina firamare, har yau ba su dawo ba. Kuma wannan fadamar ita ce kuɗin makarantar ƙannena uku. Na ce, "Baba, a ba ni kwana biyu." Ya ce, "Kwana biyun me? Aikin gwamnati ka samu ban sani ba?" Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Digiri na nan a jaka, aiki babu.

Washegari na shiga ɗakin ajiya neman wani abu daban. Can ƙarƙashin buhunan masara na ga ƙafar gado ta leƙo. Gadon auren Inna ne, da sif ɗinsa a jingine a bango, an mayar da shi wurin ajiye tsofaffin kwanuka. Wani kafinta ne ya yi su a Sabon Garin Zariya shekara talatin da suka wuce. An shafe su da wani fenti ruwan ƙasa mai kauri, duk ya tsattsage, ga kashin kaji, ga ƙura. Na yi ƙoƙarin ɗaga allon kan gadon ni kaɗai, wallahi sai da na kira ƙanena.

Akwai wani abokina tun na sakandare, mahaifinsa dattijon kafinta ne a Hunkuyi. Muka ɗaura allon a bayan babur na kai masa. Bai ce komai ba, ya ɗauki fasasshiyar kwalba ya kankare gefe ɗaya kamar faɗin tafin hannu. Sai ga wani ja mai duhu ya fito daga ƙarƙashin fentin. Ya tofa yawu ya goge da yatsa, launin ya ƙara fitowa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, maɗaci ne. Wane mara tausayi ne ya shafa wa maɗaci fenti?" Na ce ai ya tsufa, Baba. Ya ce, "Fentin ne ya tsufa. Je ka kasuwar katako ka ce a yanko maka irinsa yau, ka ji kuɗin."

A nan ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ban samu a jami'a ba. Yawancin kayan da muka gani suna ƙyalli a shago ba katako ba ne. MDF ne, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, aka liƙa masa wata leda mai sheƙi a sama. Ba haramun ba ne, yana da wurinsa, a ofis mai tayil da ba a motsa shi zai yi shekaru. Amma ku dubi ɗakunanmu. Siminti ne da ke tsattsafo da danshi a watan Agusta, kwano na yoyo, kullum ana goge ƙasa da ruwa. Da zarar ruwa ya taɓa gindin MDF sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa. In aka kwance shi sau ɗaya, sau biyu, ramin sukurun ya zama gari, ba ya sake riƙewa. Amarya kuwa dole a loda kayanta a mota a bi da su hanyar ƙauye. Yadda za ka bambance mai sauƙi ne: leƙa bayan kayan ko ƙarƙashinsu, inda ba a rufe ba. Katako na gaske za ka ga layi-layinsa. MDF kuwa sumul yake, launin kwali, babu layi ko ɗaya.

Me ya sa katako na gaske ya yi tsada haka? Ai mun cinye dazukan. Ku tuna madobiya, yadda aka riƙa sare ta a Taraba ana lodawa zuwa Caina, har a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa. Itacen da ya kai a yanka allon kan gado mai faɗi daga jikinsa ya girmi yawancinmu. Shi ya sa wanda ke cikin ɗakin ajiyar gidanku, da kaji ke kwana a kai, ya fi wanda za a ci bashi a sayo.

To, na dawo gida ina murna kamar na tsinci kuɗi. Na manta da mutum ɗaya: amaryar.

Da na gaya mata, kallona kawai ta yi, sai hawaye. Ta ce, "Yaya, ni za a kai gidan miji da gadon da aka haife ka a kai?" Na fara kawo mata lissafi, hauhawar farashi, fadama, MDF. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Kai namiji ne. Ran jere ba ka nan. Ba kai dangin miji za su shigo su ƙare wa ɗaki kallo su fita suna taɓe baki ba. Ba kai faccala za ta yi wa gori shekara goma ba." Jama'a, ban sami amsa ba, don gaskiyarta ne. Mu maza mun iya cewa a sauƙaƙa aure, amma ba mu ke zama a ɗakin ba. Yarinya ba don son ƙyale-ƙyale take kuka ba, ta san a garinmu ana auna darajar gidansu da abin da aka gani a ɗakinta. Abin ya kai ko gwamnati ta san da shi: auren gata da Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, ai har da gado da katifa aka haɗa musu. Duk wanda zai yi wa ƙanwarsa ko 'yarsa irin abin da na yi, ya fara da sauraronta, kada ya fara da wa'azi kamar yadda na yi.

Muka yi yarjejeniya a gaban Inna. Ta ba ni sati uku. In na gama ta duba ta ce ba ta so, ba za a taɓa fadama ba, babur ɗina zan sayar a haɗa da gudummawar dangi a sayo abin da ya samu. Babur ɗin nan kuwa shi ne ƙafata, da shi nake zuwa duk tarukan da kuke gani na. Ta kuma kafa sharaɗi biyu: katifa sabuwa, kujeru sababbi. Na ce na yarda.

Yanzu bari in gaya muku yadda aikin yake, don na san wasu abin da suke jira ke nan.

Mun fara kwance komai, kowane ɓangare na sa masa lamba da alli a inda ba a gani, don in ba haka ba ranar haɗawa za ka rantse an sace maka katako ɗaya. Muka wanke da sabulu da ruwa kaɗan, ba jiƙawa ba, muka shanya a inuwa. Kada ka shanya katako a tsakar rana da hunturu, tsagewa zai yi. Sannan na bi kowane katako ina ƙwanƙwasawa ina danna sukudireba, neman inda gara ta ci. Gara mai cin katako nake nufi, ba garar da ake kai wa amarya ba, kodayake ita ma tana cin gida. Inda ya yi ƙara kamar ganga ko ƙarfe ya nutse, to cikin ya tafi. Mu mun yi sa'a, allon bayan sif ne kawai da katakon shimfiɗa guda uku suka lalace, su kuwa ba maɗaci ba ne. Baba na Hunkuyi ya yanko mana sababbi.

Mahaɗan da suka saki, kada ka ce za ka dake su da ƙusa. Ƙusa tsaga tsohon katako take yi. A zare, a kankare tsohon gam ɗin tas, a sa farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, a mayar. Ba mu da ƙarfen matsewa, sai dattijon ya ce mu yanka tsohuwar robar cikin tayar babur tsiri-tsiri mu ɗaɗɗaure da ƙarfi, a bar shi kwana guda cur. Ramukan tsofaffin ƙusoshi kuma, garin da ya zubo daga jikin katakon nan shi za ka tara ka kwaɓa da gam ka cike, in ya bushe launinsu ɗaya.

Sai babban aikin, wanda ke korar mutane: gugar sanfefa. Fentin mai kauri mun kankare shi da kwalba tukuna, a hankali, a kwance ba a tsaye ba. Sannan sanfefa. In ka juya bayanta za ka ga lamba. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Ka fara da 80 ta cinye ragowar fenti, ka koma 120 ta share zanen da ta farko ta bari, ka gama da 220 har in ka shafa ka ji kamar tafin jariri. Ka naɗe ta a jikin guntun katako don kada yatsunka su yi rami. Kuma kullum ka bi layin katakon, kada ka gitta shi, kada ka yi da'ira. Duk zanen da ka yi a gicciye ba za ka gan shi ba sai ka shafa mai, a lokacin zai fito ya yi maka dariya. Kwana shida na yi a kan wannan, ni da ƙanena da abokai biyu da suka zo kallo na miƙa musu sanfefa. Hannuna ya yi kanta, wayata ma ta daina gane yatsana.

A nan ku tsaya, akwai magana mai muhimmanci. Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma. Kun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara aƙalla 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinare da ake daka wa a cikin gida ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ƙanana ta fi kamawa, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda haka in za ka kankare tsohon fenti, ka yi a waje, nesa da inda ake girki, ka sa takunkumi, ka ɗan yayyafa ruwa don kada ƙurar ta tashi, ka shimfiɗa buhu ka tattare abin da ya zubo. Yara da mai ciki kada su matso. In ka gama ka wanke hannu ka canza riga kafin ka ɗauki yaro.

Haka maganar kuɗin cizo. Tsohon gado ba ya rasa su a mahaɗa, kuma na san abin da mutanenmu ke yi: a samo Sniper ko ota-fiya-fiya a feshe ɗaki a rufe ƙofa a kwana a ciki. Maganin gona ne fa, ba na ɗakin kwana ba, shi ya sa tun 2019 NAFDAC ta taka wa sayar da shi barkatai a kasuwa birki. Zafi yana kashe su da ƙwansu. Gadon ƙarfe ka kwarara masa tafasasshen ruwa a kowane lungu. Na katako kuwa, tunda ka riga ka kwance shi ka goge kowane saƙo, ka toshe ramuka, sun rasa gida. Baƙin mai na inji da ake shafa wa katakon rufi don gara, shi ma kada ya kusanci abin da mutum zai kwanta a kai.

Yanzu ga inda na kwafsa. Da na ga katakon ya fito ja sumul, sai zumuɗi ya kama ni. Na sayo banish, wato man nan mai sheƙi da ake shafa wa katako, na fito da allon tsakar gida da la'asar, cikin Janairu, iskar hunturu na kaɗawa, na lafta masa da kauri don in gama da wuri. Jama'a, da safe na zo na tarar kamar an barbaɗa masa gero. Ƙura, ƙaiƙayi, har da gashin kaza, duk sun manne. Inda ya yi kauri kuma ya zubo kamar hawaye, ka taɓa ya kama yatsa. Ƙanwata ta fito ta duba, ba ta ce uffan ba, ta koma ɗaki. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Na zauna ina kallon babur ɗina kamar mai bankwana.

Na koma Hunkuyi da kunya. Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai da ka yi shekara huɗu kana jiran takarda ɗaya, kwana uku ne ba za ka iya jira ba?" Ya ce in bar shi ya bushe sarai, in sake gogewa daga 120. Kwana huɗu suka tafi a banza.

Karo na biyu na bi abin da ya ce. Muka share zaure, muka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, muka rataya tsohon zani a ƙofa yadda iska za ta shiga amma ba da ƙarfi ba. Da sassafe ake yi, kafin iska ta tashi. A goge katakon da tsumma mai tsabta. A fara da shafin farko da kafintoci ke kira sila, mai toshe ƙofofin katako, in ya bushe a bi shi da 220 sama-sama. Sannan banish, a ɗan tsinka shi, a shafa siriri da buroshi mai laushi, a bi layi, kada a koma kan inda ya fara kamawa. A bar shi ya kwana. Gobe a sake bi da sanfefa kaɗan, a goge, a sake shafawa. Sau uku na yi. Kuma don Allah, banish da tina wuta suke jira: babu murhu kusa, babu gawayi, babu mai shan taba, kuma kada ka rufe kanka da warinsu.

Ranar da na haɗa gadon a zaure na sa wa sif sababbin hannaye da sabon madubi, ban kira ta ba. Ita ta shigo da kanta. Ta zagaya shi, ta shafa allon, ta buɗe sif ta rufe. Sai ta ce, "Hannayen nan ba su yi ba, a canza masu ruwan zinare." Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙorafi irin na ranar ba. Na hau babur ɗina, nawa, na tafi Zariya na canzo.

Duk abin da muka kashe a gado da sif, har da ladan dattijon da kuɗin man zirga-zirga, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin irinsu a shagon nan ba. Ba zan faɗi farashin gwangwani ba don kafin ku gama karantawa ya canza. Kuma ku lura na ce ladan dattijon. Ya ƙi karɓa, na bi ta hannun ɗansa. Gyara da kanka ba yana nufin ka je ka kwashi ilimin kafinta kyauta ka yi gaba ba. Akwai aikin da ba naka ba ne: yanka sabon katako, gyaran ƙafar da ta karye, sa madubi. Kai dai ka ɗauki wanda ke cin lokaci, shi ne guga da shafi, don lokaci kam mu marasa aiki muna da shi.

Ba kuma kowane abu ne ke gyaruwa ba. Wani abokina a Ikara da ya ga hoton, sai ya ɗauki sanfefa ya hau kan durowar matarsa, ashe MDF ce. Ya cinye ledar saman, garin ya bayyana, ya shafa fenti ta shanye ta kumbura. Har yau maganar ba ta mutu a gidan ba. MDF da ya sha ruwa ya tafi, haka katakon da gara ta cinye cikinsa. Tsohuwar katifa kuma ban ce a kai wa kowa ba. Amma gadon ƙarfe mai rumfa irin na kakanninmu, wannan ya fi komai sauƙi: buroshin ƙarfe ya cire tsatsa, a shafa jan fentin nan da masu walda ke fara sa wa ƙofa, sannan fentin mai shafi biyu. Kujerun kushin ma in ƙashinsu katako ne mai kyau, soso da yadi kawai za a canza.

Sauran ɗakin ba mu wahala ba. Fenti mai haske muka yi da kanmu ni da ango, don jan katakon ya fito. Labule yadi muka yanko tela ya ɗinka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ita da kanta, da ta ga gadon ya zauna, ta je ta zaɓo faifai guda biyar masu launi a wurin wata tsohuwa a unguwarmu ta ce a jera mata a bango saman allon. Na ce ke da ba ki son kayan da? Ta ce ta gani a Instagram. To ka ji. Faifan da kakarta ke rufe fura da shi sai da ya je intanet ya dawo sannan ya yi daraja. Inna kuma ta ciro kwallaye shida cikin nata ta wanke ta ba ta. Iyayenmu ba wauta suke yi ba da suke jera kwalla da tasa har rufi. Ajiya ce. Ranar da ciwo ya zo ko yunwa, mace ta zari biyu ta ba dillaliya ta rufa wa kanta asiri. Ka kira dillaliya ta taya maka gadon MDF da ya shekara uku ka ji abin da za ta ce.

Ran jere, kamar yadda ta faɗa, ba na nan. Labari aka kawo mini. Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya yaba ba. Wata gwaggonmu, da ta san gadon tun ranar da aka kawo Inna, tana shiga ta gane shi, ta ce a gaban mutane, "Au, abin har ya kai a kai yarinya da gadon uwarta?" Ƙanwata ta ji, kuma ta yi kuka a daren. Wannan ban iya goge shi da sanfefa ba. A ɓangaren dangin miji kuwa, wata yayar angon ta ƙwanƙwasa allon ta tambaya a ina aka yi odarsa, Kano ko Kaduna. Inna ta ce mata, "Zariya." Ba ta yi ƙarya ba, shekarar ce kawai ba ta faɗa ba.

Fadama na nan a hannun Baba, bana ma rake ya sa. Gwaggo har yanzu in mun haɗu a sabga sai ta ce, "Kafinta, ya aiki?" ni kuma in ce, "Alhamdu lillahi, Gwaggo." Kwanakin baya ɗanta ya kira ni a ɓoye, wai akwai wata tsohuwar adaka da teburi a ɗakinta, in zo in duba ko katako ne.

Wanda ke da irin waɗannan kaya a gida, kafin ka taɓa su da komai, ka juya bayansu ka ɗauki hoton inda ba fenti ka turo, zan nuna wa dattijon in zan wuce Hunkuyi. 'Yan Ikara da Paki da suka ce in zo mu yi na gwaji, na ji, ku nemo zaure mai ƙofa biyu, kowa ya zo da takunkuminsa, sanfefa ni zan kawo. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a gaida mutanen gida.